Abin Da Ya Kamata A Sani Game Da Ƙarfin Banƙara A Mahaɗar Ginin Ƙarfe

Ko wane babban gari mutum ya shiga yanzu, da wuya ya rasa ginin ƙarfe: ko ɗakin ajiyar kaya, ko rumfar gidan mai, ko hasumiyar tankin ruwa, ko dogon ƙarfen wayar salula, ko babban allon talla a bakin hanya. Irin waɗannan gine-gine ba a dunƙule a ke yinsu ba. Gunduwa-gunduwa a ke yanko ƙarfensu, a huda, a kawo wurin aiki a mota, sa'an nan a harhaɗa da ƙusoshi masu zare, a ɗaure su da noti. Saboda haka komai kaurin ginshiƙi, komai girman azarar ƙarfen da aka ɗora masa, ran ginin yana hannun waɗannan 'yan ƙusoshi ne da ba su fi babban yatsa kauri ba.

An rubuta wannan takarda domin 'yan kwangila, da masu walda, da masu duba ayyukan gini, da duk wanda zai fitar da kuɗinsa ko kuɗin jama'a a yi masa ginin ƙarfe. Abin da za a bayyana shi ne wani nauyi da ke hawa kan ƙusa ba tare da an ɗora shi ba, wanda sikeli ba ya nuna shi, ido kuma ba ya ganinsa, amma ya kan kai rabin nauyin da aka ɗora, wani lokaci ma ya fi. A nan za mu kira shi ƙarfin banƙara. Makanikai su kan kira ƙusar da abin ɗaure ta duka biyu noti, amma domin kada zance ya rikice, doguwar mai kai da zare za mu ce da ita ƙusa, abin da a ke murɗa mata a gindi kuwa shi ne noti.

Ƙusa iri biyu ta ke wahala

Ƙusar da ta haɗa ƙarfe biyu, ɗayan abu biyu ke samunta. Ko dai ƙarafan su nemi zamewa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa, su nemi datse ta a tsakiya kamar almakashi. Ko kuwa su nemi rabuwa, su ja ta ta tsawonta, kai ya yi gabas noti ya yi yamma. Ba ruwan banƙara da na farkon. Zancenmu duka yana kan na biyun ne, watau ƙusar da a ke ja.

A ina a ke samun ƙusa mai shan ja? Wurare uku sun fi yawa. Na farko inda aka rataye wani abu a ƙarƙashin azara, kamar hanyar injin ɗaga kaya, ko bututu, ko bene mai rataya. Na biyu inda azara ta haɗu da ginshiƙi, aka yi wa bakinta walda da farantin ƙarfe, aka ɗaure farantin a jikin ginshiƙin: in nauyi ya danna azarar, gefen farantin na ƙasa ya kan matsu da ginshiƙi, na sama kuwa ya nemi ɓallewa, ƙusoshin sama su ne ke riƙe shi. Na uku gindin ginshiƙi ko na allon talla, sa'ad da iska ta nemi tumɓuke shi. Wannan na ukun ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san guguwar farkon damina. Iska mai gudun kilomita 108 a sa'a tana tura ko wace murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kilo 55, watau allo mai faɗin mita 6 da tsawon mita 3 yana shan turin wajen tan guda. In gudun iskar ya ninka biyu, turin ninkawa huɗu ya ke yi.

Gwaji da katako

Kafin a shiga lissafi, ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. A sami guntun katako mai tsawon kamu biyu, a kafa shi a jikin gungume da ƙusa guda ɗaya tak a tsakiyarsa. Sa'an nan a kama bakinsa ɗaya a ja. Me zai faru? Bakin da aka kama zai taso, amma ɗaya bakin ba zai taso ba, sai ma ya ƙara tokare gungumen. To, ƙusar nan da ke tsakiya tana fama da abu biyu ke nan: jan hannu daga wannan gefe, da turin da gungume ke yi wa katakon daga wancan gefe. Dukansu biyu waje su ke neman fitar da katakon, ita kaɗai ce ke riƙe da shi. In ƙusar tana tsakiya daidai, turin ya yi daidai da jan, watau wanda ya ja da ƙarfin kilo 20 ya ɗora wa ƙusar kilo 40. Wannan shi ya sa kafinta in zai ɓamɓare katako ba ya jansa daga kan ƙusa, sai daga baki. Ya san dabarar ko da bai san lissafinta ba.

Mai karatu ya lura da abu guda. In aka matsar da ƙusar kusa da bakin da ke tokarewa, abin ƙaruwa ya ke yi. In nisan ƙusa zuwa hannu ya ninka nisanta zuwa matokara sau biyu, turin zai zama kilo 40, ƙusar ta ɗauki 60. In kuwa aka matsar da ita kusa da hannu, turin sai ya ragu, har in ta zo daidai inda a ke ja, ya ɓace sarai. Wannan ita ce ƙa'idar dagi da a ke cusawa ƙarƙashin dutse, ita ce kuma ta hama mai cire ƙusa.

Yadda abin ya ke a ƙarfe

Yanzu a ɗauki maratayi irin wanda aka fi yi. Siffarsa kamar harafin T ce: akwai ƙafa, wadda nauyi ke rataye da ita, akwai kuma faranti a kwance a kanta, wanda aka manna a ƙarƙashin azara da ƙusoshi, layi ɗaya a dama da ƙafar, layi ɗaya a hagu. Ba shi yiwuwa a sa ƙusa daidai kan ƙafar, tilas a kauce gefe domin sufana ta sami wurin shiga. Wannan kaucewa ita ce tushen matsalar duka.

In farantin mai kauri ne ƙwarai, ba ya lanƙwasa. Nauyi ya ja ƙafa, farantin ya taso gaba ɗaya a miƙe, ko wace ƙusa ta ɗauki rabonta, ba ƙari. In nauyin tan 40 ne, ƙusoshi huɗu, ko wacce tan 10, shi ke nan. Wannan shi ne lissafin da kowa ya kan yi da ka.

Amma in farantin bai kai wannan kauri ba, sai tsakiyarsa ta biyo ƙafa ta buɗe, ƙusoshi su riƙe shi a inda su ke, bakunansa na waje kuwa su tokare azara. Ko wane ɓangare na farantin ya zama katakon nan na gwajinmu ke nan: ja a ciki, tokara a waje, ƙusa a tsakani. Abin da ƙusa ke ɗauka yanzu shi ne rabonta na nauyi, a tara da turin bakin faranti. Wannan turi shi ne ƙarfin banƙara. Ba daga waje ya zo ba, mahaɗar ce da kanta ta haife shi, saboda haka ba ya fitowa a lissafin nauyin rufi ko na kaya. Sai wanda ya zauna ya duba mahaɗar ita kanta zai gan shi.

Akwai bambanci guda tsakanin katako da faranti, kuma bambancin alheri ne. Bakin katakon da hannu ya kama sake ya ke, ba abin da ya hana shi karkata. Shi kuwa faranti a haɗe ya ke da ƙafa, gindinsa yana gardama, ba ya yarda ya lanƙwashe sai an fi ƙarfinsa. Iyakar abin da gindin ya iya jurewa, an rage wa banƙara ke nan. Abin da ya gagare shi kaɗai ke komawa kan bakin faranti da ƙusa.

Lissafi da misali

A nan ya kamata a ɗan dakata, domin lambobi sun fi baki iya bayani. Abin da ke lanƙwasa faranti ba nauyi kaɗai ba ne, nauyi ne sau nisa. A ce rabon ko wace ƙusa tan 10 ne, nisanta zuwa gindin ƙafa milimita 50, nisanta zuwa bakin faranti milimita 40, faɗin farantin da ko wace ƙusa ke riƙe da shi kuma milimita 100. A ce ƙarfen irin na gini ne da a ke kira S275. Abin da ke neman lanƙwasa farantin shi ne 10 sau 50, watau 500.

Faranti mai kaurin milimita 20, da wannan faɗi da wannan ƙarfe, gindinsa na iya jure wajen 280 a wannan awo. Saura 220. Wannan saura tilas bakin faranti ya ɗauka, a nisan milimita 40. In aka raba 220 gida 40, a sami 5 da rabi. Ƙarfin banƙara tan 5 da rabi ke nan, ƙusar da a ke zaton tana ɗauke da tan 10 ashe 15 da rabi ke kanta.

Shin wannan ya yi mata yawa? Ƙusa mai kaurin milimita 20 wadda aka buga wa lamba 8.8 a ka, tana tsinkewa ne a wajen tan 20, amma ƙa'idar ginin ƙarfe ta ƙasashen Turai ba ta yarda a lissafa mata fiye da tan 14 da ɗan kai ba. Wanda ya yi lissafin ka zai ce tan 10 ne kan mai iya 14, akwai sauran sarari. Alhali kuwa an riga an ƙetare iyaka.

To, a canja farantin a sa mai milimita 25, watau kamar inci guda. Ƙarin milimita 5 ne kawai, amma ƙarfin faranti ba bin kauri ya ke yi ɗaya bayan ɗaya ba, kauri sau kauri ya ke bi: in kauri ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu, taurin lanƙwasa kuwa ya ninka takwas. Gindin wannan farantin yana jure wajen 440. Saura 60, a raba gida 40, banƙara ta koma tan 1 da rabi, ƙusa tana ɗauke da 11 da rabi, lafiya lau. In kaurin ya kai milimita 27, gindin kaɗai ya isa ya jure 500 ɗin, banƙara ta fita daga lissafi.

In kuwa aka yi ƙasa, aka sa mai milimita 15 domin shi ne a ke da shi a shago, ko domin ya fi araha, zancen ya sake. Gindinsa 160 kaɗai ya ke jurewa, layin ƙusa ma 160, duka 320, ba su kai 500 ba. Wannan faranti ba zai ɗauki tan 10 ba sam. Da nauyi ya haura tan 6 kaɗan zai naɗe a wuri biyu, a gindin ƙafa da kan layin ƙusoshi, ko da ƙusoshin suna nan daram.

Saura dabara guda da ba ta cin ko kwabo. A bar faranti mai milimita 20, amma a matso da ramin ƙusa ciki, nisansa da ƙafa ya zama milimita 35 maimakon 50. Abin lanƙwasawa ya koma 350, a cire 280, saura 70, banƙara ba ta kai tan 2 ba. Matsar da rami da milimita 15 ya yi kusan aikin da ƙarin kaurin ya yi. Haka kuma wanda ya huda rami ya kauce waje da milimita 15, don ma'auninsa ya goce ko don sufanarsa ta sami sarari, ya yi ɓarna daidai wannan gwargwado. A ganina wannan ya fi komai cancantar a faɗa wa mai huda ƙarfe, domin kaurin faranti kowa na iya aunawa ya gani, amma ba safai a kan koma a auna mazaunin rami ba.

Kada a ɗauka faɗaɗa faranti zai yi magani ba iyaka. Gaskiya ne in baki ya yi nisa da ƙusa banƙara ta kan ragu, amma faranti mai faɗi ƙwarai ba a can ƙarshensa ya ke tokarewa ba, a wani wuri ne kusa da ƙusa. Saboda haka ƙa'idar Turai da ta Amurka duka sun hana a lissafa nisan waje fiye da nisan ciki da rubu'insa. Ya kamata kuma a sani lissafin nan da muka yi sauƙaƙe ne domin fahimta. Na injiniya yana da ƙarin gyare-gyare, kamar ragin da rami ke yi wa faranti, da faɗin kan ƙusa, da kaurin walda.

Hanya uku ta lalacewa

Daga misalin nan za a ga mahaɗa irin wannan tana da hanya uku ta mutuwa. Faranti siriri da ƙusa mai ƙarfi: farantin ya naɗe a wuri biyu, ƙusa ta tsira. Faranti matsakaici: gindinsa ya saki, banƙara ta hau kan ƙusa, ƙusa ta tsinke tun nauyi bai kai abin da a ke zato ba. Faranti mai kauri: ba banƙara, ƙusa ta ɗauki iyakar ƙarfinta sa'an nan ta tsinke. Haka ƙa'idar Turai, wadda kashinta na mahaɗai ya fito a 2005, ta kasa su.

Wani zai ce, to, ai sai a riƙa sa mai kauri ko'ina a huta. Ba haka ba ne. Faranti in zai lalace lanƙwasa ya ke yi sannu a hankali, ya buɗe baki, mai wucewa ya gani ya yi kuka. Ƙusa mai tauri kuwa ba ta yin sallama, ɗan miƙewa kaɗan ta ke yi sai a ji ƙara. Domin wannan injiniya ya kan zaɓi faranti marar kauri da gangan, ya haɗa shi da ƙusoshi masu ƙarfin da ya lissafa har da banƙara a ciki, don in ranar wahala ta zo farantin ya fara gajiya. Akwai ma mahaɗai da a ke so su riƙa ɗan motsi domin bakin azara ya sami juyawa, a sa musu faranti mai milimita 8 ko 10 kawai. Wanda ya ga wannan ya raina, ya musanya da mai kauri don kyautatawa, ya mai da mahaɗar abin da ba a shirya ta zama ba. Ragi laifi ne, ƙari ma ba a yinsa sai da izinin wanda ya yi zanen.

Yadda aka gano shi

A zamanin da, ba da ƙusa mai zare a ke haɗa manyan ƙarafa ba, da wata ƙusa ce da a ke gasawa ta yi ja, a cusa a rami, a dandaƙe bakinta ya zama kai na biyu. Tsofaffin gadojin jirgin ƙasa, irin ta Makurɗi da aka buɗe a 1932, na wannan zamani ne. A 1934 wasu masana biyu a Ingila, Batho da Bateman, suka nuna cewa ƙusa mai zare ta ƙarfe mai tauri, in an ɗaure ta tam, tana iya maye gurbin waccan. A Amurka aka kafa majalisar binciken mahaɗai a 1947, ta fitar da ƙa'idarta ta farko a 1951. Da sabuwar ƙusa ta yaɗu aka fara dogara da ita wajen ja, sai tambayar banƙara ta taso. Douty da McGuire na Jami'ar Cornell suka buga gwaje-gwajensu a 1965. Struik da de Back suka biyo a 1969 a Delft ta ƙasar Holan, kuma lissafinsu ne littafin injiniyoyin Amurka ya ɗauka daga baya. Zoetemeijer, shi ma na Delft, ya buga nasa a 1974, wanda ya zama tushen hanyar Turai. Tsohuwar ƙa'idar Ingila, BS 5950, wadda aka janye a 2010, tana da gajeriyar hanya ga wanda ba ya son dogon lissafi: in layukan ƙusa ba su yi nisa da juna ba, a rage kashi 20 cikin 100 na ƙarfin ƙusa, a bar shi a matsayin rabon banƙara.

Ɗaure noti ba ya kashe banƙara

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, cewa in an matse noti sosai mahaɗa ta ƙara ƙarfi. Ga gaskiyar abin. Ƙusa mai tauri in an ɗaure ta bisa ƙa'ida, miƙewa ta ke yi kaɗan, ta matse farantan biyu da ƙarfi mai yawa. Ƙusar nan mai milimita 20 da lamba 8.8 ana matse ta har wajen tan 14. In nauyi ya zo daga waje, da fari matsin nan ya ke sassautawa, ƙusar ba ta jin ƙari sai ɗan kaɗan, har lokacin da farantan suka rabu. Amfanin wannan babba ne ga ginin da nauyinsa ke zuwa yana tafiya, domin ƙusar ba ta jin hawa da sauka. Amma ranar da nauyi ya kai maƙura, matsin ya riga ya ƙare, abin da ke kan ƙusa shi ne nauyi da banƙara, ko an ɗaure ko ba a ɗaure ba. Banƙara ma ta kan sa rabuwar ta zo da wuri, sa'an nan ta tanƙwara wuyan ƙusa, domin kanta yana zaune ne kan farantin da ya karkace.

A nan ne haɗarin gajiyar ƙarfe ya ke. Kowa ya san in a ka yi ta lanƙwasa waya ana miƙewa, ƙarshenta karyewa. Haka ƙusa: ja da saki dubbai su kan fara tsaga ƙarama a cikin zare ko a ƙarƙashin kai, ta yi ta ci a ɓoye. Ran 4 ga Yuni 1979, cikin ruwan sama da iska mai ƙarfi, wani babban yanki na rufin filin wasa na Kemper a birnin Kansas na Amurka ya rufto, shekara biyar da buɗe shi. Rufin a rataye ya ke daga manyan ƙarafa uku da ke waje. Bincike ya nuna ƙusoshi masu tauri na wani maratayi sun gaji saboda kaɗawar iska shekara da shekaru, ruwa kuma ya taru a kan rufin; da maratayi ɗaya ya tsinke, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa, su ma suka bi. Allah ya sa ba taro a ciki, ba a rasa rai ba. Duk abin da ke ƙara wa ƙusa hawa da saukar ja yana gaggauta irin wannan gajiya, banƙara kuwa tana cikin manyansu.

Walda ma tana da hannu. Zafinta ya kan ja faranti ya ɗan gantsare tun kafin a kai shi wurin aiki. In bayan an ɗaure tsakiyar farantin ce ta zauna a jikin ginshiƙi, daidai bayan ƙafa, wannan da sauƙi. In kuwa bakuna ne suka taɓa, tsakiya na lilo, an shirya wa banƙara wurin zama tun nauyi bai zo ba.

Magunguna, da wanda ba magani ba

An riga an faɗi biyu, kauri da matso da rami. Na uku shi ne a yi wa faranti haƙarƙari, watau a walda ɗan ƙarfe a tsaye tsakanin ƙafa da faranti, ko tsakanin fukafukan ginshiƙi daidai inda ja ke shiga. Kada a manta da ginshiƙin, domin ƙusa ƙarfe biyu ta ratsa. Faranti mai milimita 30 a jikin fiffiken ginshiƙi mai milimita 12 bai kawar da banƙara ba, ya dai mayar da ita ɗaya gefen. A irin wannan hali a kan sa wani guntun faranti a bayan fiffiken, ƙarƙashin noti, ya taimake shi. Na huɗu, a ƙara girman ƙusa ko darajarta. Lambar da ke kan ƙusa ita ce shaidarta: mai 4.6 rabin ƙarfin mai 8.8 gare ta, ko da kaurinsu ɗaya, wadda ba ta da lamba kuwa ba ta da wurin zama a mahaɗar da ke shan ja.

Wanda ba magani ba shi ne ƙara layin ƙusoshi daga waje. A ido abin ya yi kyau, huɗu sun zama takwas. Amma sai faranti ya lanƙwashe ya wuce layin ciki kafin na waje ya ji komai, saboda haka na ciki su ke shan kusan dukan wahalar, har su tsinke na waje suna hutawa, sai fa in farantin mai kauri ne ƙwarai ko yana da haƙarƙari.

Gindin ginshiƙi yana da nasa hali. Ƙusoshin da aka binne a kankare dogaye ne, suna miƙewa da yawa, har farantin ya kan taso gaba ɗaya bakinsa bai tokare komai ba. A nan banƙara ta kan ɓace, amma ba kyauta ba: farantin ya rasa taimakon bakinsa, gindinsa kaɗai zai jure lanƙwasa duka, watau rabin abin da zai iya ɗauka in da ya tokare. Masu kafa allunan talla da rumfunan gidan mai su riƙe wannan.

Abin da mai duba aiki zai nema

Kafin a ɗaga ƙarfe, a auna kaurin ko wane faranti da ma'auni, a gwada da zane. Kada a yarda da ido, domin milimita 20 da 25 kusan ɗaya su ke daga nesa. A auna nisan rami daga ƙafa. A karanta lambar kan ƙusa. Ramin da aka faɗaɗa da wutar walda domin ƙusa ta ƙi shiga, a ƙi karɓarsa. Ƙusa mai lamba 10.9, da wadda aka yi wa rufin tutiya, in an taɓa matse su tam aka kwance, ba a mai da su.

A ginin da ya riga ya tsaya kuwa, alamar banƙara ita ce buɗi a tsakiyar mahaɗa, daidai bayan ƙafa ko bayan fiffiken azara na sama, alhali bakunan faranti suna manne. In reza ko takarda ta shiga nan, ko hasken tocila ya ratsa, a lura. Sauran alamun su ne fenti da ya tsage a miƙe bisa layin ƙusoshi ko gefen walda, da washa da ta lotsa kamar murfin kwalba, da kan ƙusa da ya karkace, da jan tsatsa da ke zubowa daga ƙarƙashin noti, da notin da ke juyawa da hannu. Lokacin da ya fi dacewa da wannan dubawa shi ne ƙarshen bazara kafin hadari ya fara haɗuwa, da kuma bayan ko wace babbar guguwa. Wanda ya ga ɗaya daga cikin alamun nan, kada ya ɗauko sufana ya ƙara matsewa, kada kuma ya kira mai walda ya toshe buɗin, domin zafi yana lalata taurin ƙusa. A sauke nauyin da za a iya saukewa, a hana mutane zama a ƙarƙashi, a tokare azarar in da hali, sa'an nan a kai rahoto ga injiniyan da ya yi zanen, ko ga ofishin ayyuka mafi kusa, tare da awon kaurin farantin da lambar da ke kan ƙusoshin.